Ciki ɗaya, kati huɗu

Wata Talata na raka matar ƙanena awo. Cikinta na huɗu ne, ya shiga wata na shida. Muna zaune a benci muna jiran layi, na ga tana ta fifita da gefen mayafi, numfashi na fita da ƙyar, sai na ce ta kawo katin in riƙe mata. Ta zuge jaka ta miƙo mini baƙar leda.

"Wanne daga ciki, Yaya?"

Huɗu ne a ledar. Ga katin awo. Ga na ɓangaren masu hawan jini, inda take zuwa ranar Alhamis tun bayan haihuwarta ta uku. Ga takardar wani ɗakin gwaji na kuɗi inda aka auna mata suga, an zagaye lambar da jan biro, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake ɗora ido a kanta. Na huɗun na wani ƙaramin asibiti ne a unguwar iyayenta, inda ta kwana biyu da zazzaɓi, aka ce maleriya ce, kuma jininta ya yi ƙasa.

Na buɗe katin awon. A gurbin da aka ware don rubuta ciwon da mace take da shi tun kafin ciki, layi kawai aka ja. Na ce, "Ke ba ki gaya musu kina da hawan jini ba?"

Ta ce, "Ba su tambaya ba, Yaya. Kuma ai wancan na Alhamis ne, wannan na ciki ne."

A ƙasan ledar ga sauran ƙwayoyi, an rubuta lisinopril a bayan takardarsu. Da ciki ya fara nauyi ta daina bin layin Alhamis, sai dai idan maganin ya ƙare ta aiki yaro kemis da tsohon kwali a ba shi irinsa. Wannan magani yana cikin waɗanda ake canza wa mace da zarar an san tana da juna biyu, domin yana iya taɓa ƙodar jariri. Ita kuwa wata shida tana haɗiyarsa, tana shiga asibiti tana fita, ba wanda ya ce mata ci kanki.

Ban ga laifinta ba. Abin da asibiti ya koya mata ta maimaita mini. Mun tsara kula da masu ciki kamar kasuwa, kowace cuta da rumfarta, da ranarta, da littafin rajistarta, da mai ba ta tallafi. Mace kuwa jiki ɗaya Allah Ya ba ta. A cikinsa duk cututtukan suke haɗuwa, a cikinsa kuma ɗan yake kwance.

Ra'ayina ba shi da tsawo. Ranar da mace ta fara zuwa awo, a nemi duk abin da ke jikinta, har da wanda ya riga cikin zuwa. A rubuta shi a kati ɗaya. A samu mutum ɗaya da za a tambaya idan wani abu ya kuɓuce. Awon da bai kai nan ba, tef ne kawai aka ɗora a ciki aka ce ta dawo wata mai zuwa.

Ba sa zuwa ɗaya-ɗaya

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a 2023 mata kimanin 260,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa. Kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Idan aka tambayi abin da ya kashe su, kalma ɗaya ake bayarwa: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Haka ake faɗa a gidan makoki, haka ake rubutawa a rahoto.

Amma mu ɗauki zubar jinin. Mata biyu su zubar da jini daidai wa daida bayan haihuwa, ɗaya ta tashi ta sha kunu, ɗaya a kai ta makwancinta kafin la'asar. Bambancin yana cikin jinin da kowacce ta shiga ɗakin haihuwa da shi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya samu kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Najeriya da ƙarancin jini. Wani nazari da ya fito a shekarar, wanda ya duba bayanan mata daga ƙasashe 29, ya nuna mai matsanancin ƙarancin jini haɗarin mutuwarta ya ninka na wadda ba ta da shi.

Shi ƙarancin jinin daga ina? Maleriya tana fasa ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki tana tsotsa a ɓoye. Masu zama bakin gulbi ga tsargiya. Ga gwarne, jiki bai mayar da abin da ya rasa a haihuwar bara ba an sake ɗora masa wani. Ga tukunyar da ta yi wata ba ta ga nama ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ya daɗe da tsagewa kafin ranar naƙuda.

Haka jijjiga. Mai hawan jini tun kafin ciki, ko mai suga, ko mai ciwon ƙoda, ko mai sikila, duk sun fi sauran mata kusa da ita. Idan biyu suka haɗu a mace ɗaya, kamar matar ƙanena, abin ya ƙara matsowa. Sugan da ba a kula da shi ba yana sa jariri ya yi girman da zai maƙale. Ya maƙale a shiga tiyata. An yi tiyata a jikin da ba jini, ga suga zai hana ciwon warkewa da wuri. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Idan ta tafi, a rahoto za a rubuta abu na ƙarshe da aka gani, sauran ukun da suka share masa hanya ba za su fito ba.

Sikila kuwa tana buƙatar a tsaya a kanta. Ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. A da da yawansu ba sa kaiwa girma. Yanzu alhamdu lillahi suna girma, suna karatu, suna aure, suna ɗaukar ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta fitar da ƙa'idar kula da mai sikila a lokacin ciki ba sai a watan Yunin 2025, inda ta ce haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran mata sau 4 zuwa 11. A layin awonmu kuwa, mai sikila da wadda ba ta da komai benci ɗaya, minti ɗaya, ƙwaya ɗaya.

Kowace ƙasa mai ƙaramin ƙarfi da irin haɗin da ya fi damunta. A Afirka ta Kudu an yi shekaru ƙanjamau da tarin fuka suna kan gaba wajen kashe masu ciki. A Indiya da Fakistan ƙarancin jini ne ke tafiya tare da suga. Mu namu maleriya ce da ƙarancin jini da hawan jini, sikila na gefe, suga na tasowa a birane. Abin da ya haɗa mu duka shi ne cututtukan talauci ba su tafi ba, waɗanda muke kira na masu kuɗi sun iso, sun tarar da su a jikin mace ɗaya.

Maganin wannan, matsalar wancan

Nan ne abin ya fi ba ni tsoro, domin a nan kowa yana iya yin aikinsa daidai, a ƙarshe a cuci mace.

Ga Fansidar. Ana ba masu ciki ƙwaya uku a gaban malamar asibiti, daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa, don kariya daga maleriya. Abu mai kyau. Amma mace mai ƙanjamau da ke shan Septrin kullum ba a ba ta Fansidar, domin dangin juna ne, haɗa su ƙarin illa ne ba ƙarin kariya ba. Idan ta karɓi Septrin a wancan ginin ranar Litinin, ta zo wannan ginin ranar Talata, kunya ta hana ta faɗa a gaban mata, wa zai sani?

Ga 'yar ƙaramar ƙwayar nan ta folik asid. Ƙaramin awo ake so mai ciki ta sha, miligiram 0.4 a rana. Babban awo, miligiram 5, yana rage wa Fansidar ƙarfi. Amma babban awon ne masu sikila suka saba sha tun suna yara, kuma shi ne ya fi yawa a kemis. Sai mace ta sha wannan ta sha wancan, ta kwanta da zaton tana da kariya.

Maganin ƙarin jini ma haka. Kusan kowace mai ciki ana miƙa mata, kuma daidai ne ga mafi yawa. Mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini kuwa, sinadarin ƙarfen ya riga ya yi mata yawa a jiki, ba a ƙara mata sai an gwada an ga tana buƙata. Ƙwayar kalsiyam da ake bayarwa don rage haɗarin jijjiga tana hana jiki ɗaukar maganin ƙarin jini idan aka haɗiye su lokaci guda, sai an raba tsakaninsu da awanni. Su biyun kuma suna iya rage shigar wani maganin ƙanjamau da aka fi bayarwa yanzu idan aka sha su tare a cikin yunwa. Mai farfaɗiya da ke shan wanda aka rubuta valproate a kwalinsa tana buƙatar likita ya duba shi tun kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya nakasa jariri, kuma ba a yanke shi kwatsam.

Ba ina faɗar waɗannan don wata ta karanta ta zubar da maganinta ba. A'a, kada ki daina komai sai likita ya gani. Ina faɗa ne don a ga cewa duk wannan rikicin tambaya ɗaya ce take warware rabinsa: "Wane magani kike sha? Zazzage jakar in gani." Na asibiti, na kemis, da na gargajiyar da Inna ta jiƙa a kwano. Tambayar nan ba ta cin ko kwabo.

"A fara tsayar da jinin tukuna"

Wani likita da muke mutunci da shi ya ce mini wannan magana ta masu hali ce. Ya ce, "Hajiya, mu da mata ke mutuwa a hannunmu don ba ledar jini a firji, ke kina maganar suga da kati? A fara da abin da ke kashewa a yau."

Ya yi gaskiya rabi. Zubar jini shi ne kan gaba, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen nan a duniya. Amma lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ɗin dai ya nuna wani kusan kashi ɗaya cikin huɗun cututtuka ne da suke jikin mace, ciki ya zo ya tsananta su. Wannan ba ƙaramin kaso ba ne da za a ce ya jira. Kuma ledar jinin da yake nema da tsakar dare, ai da an gano ƙarancin jinin a wata na uku, wataƙila da ba a neme ta ba, ko a neme ta da rana tsaka, 'yan uwa sun riga sun bayar an ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai ma darasi a cikin nasarar da aka samu a kan zubar jinin kansa. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ba sabon magani suka ƙirƙiro ba. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ido maimakon kintace, sannan magungunan da aka saba bayarwa ɗaya bayan ɗaya aka ba da su a tare. Mummunan sakamako ya ragu da kashi 60 cikin 100. A auna da wuri, a haɗa a yi tare. Abin da ya yi aiki a ɗakin haihuwa shi nake roƙo a kawo ɗakin awo.

"Ina kuɗin?"

Wannan ita ce amsar kowane ofis. To bari mu ga me ake nema. Na'urar awon hawan jini mai batir. 'Yar takardar da ake tsoma wa a fitsari ta nuna alamar jijjiga na tafe. Ɗigon jini a yatsa don ganin yawan jini, wani ɗigon don suga. Gwajin sikila sau ɗaya a rayuwa. Gwajin ƙanjamau da tunjere, wanda yanzu akwai mai yin su biyun a tsinke ɗaya, da na ciwon hanta. Magungunan ma tsofaffi ne masu araha: Aldomet na hawan jini, asfirin ƙaramin awo, kalsiyam, maganin tsutsa, allurar magnesiyam ta jijjiga. Babu na'urar da sai an kira Bature ya kunna.

A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Mai masaukin baƙin bai taɓa cikawa ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Na yi murna, kuma ina fata ta kai ga kowa. Sai dai tiyata ƙofar ƙarshe ce. Kuɗin tiyata ɗaya da jinya a ɗakin masu tsanani zai sayi takardun gwajin fitsari na unguwa guda.

Kuma kada a manta rarrabuwar ma kuɗi take ci, sai dai daga aljihun talaka ake cira. Matar ƙanena kuɗin adaidaita sahu take biya ranar Talata, ta sake biya ranar Alhamis, ta bar yara a maƙota sau biyu, ta nemi izini sau biyu. Da ƙarfi ya ƙare ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya. Ta zaɓi na ɗan, ta bar nata, kamar yadda kowace uwa za ta yi.

Yadda aka yi ƙofofin suka rabu ba ɓoyayye ba ne. Tun farkon shekarun 2000 manyan kuɗaɗen tallafi suka riƙa zuwa da sunan cuta: na ƙanjamau, na maleriya, na tarin fuka. Sun ceci rayuka masu ɗimbin yawa, ban raina ba. Amma kowanne da fom ɗinsa da ma'aikacinsa, hawan jini da suga da sikila kuwa marayu ne, ba su da uban ɗaki. Da Amurka ta janye tallafi mai yawa a 2025, aka ga yadda rumfa ke rushewa idan mai ita ya tafi.

"Mu nawa ne?"

Wannan hujja ita ce ta fi ƙarfi, kuma da kunnena na ji ta.

Da layi ya zo kanmu na shiga tare da ita, na zube katunan huɗu a tebur. Malamar ta ɗago ta dube ni, ta nuna ƙofa da biro. "Hajiya, kin ga matan da ke waje? Ni kaɗai ce, sai ɗaliba ɗaya." A gefenta manyan littattafan rajista ne a jibge, kowanne sai ta cike shi kafin ta tashi. Na ga gajiya a idonta, har na ji kunyar yadda na shigo.

Amma da na miƙa mata takardar ƙwayoyin, fuskarta ta canza. Ta ce, "Baiwar Allah, tun yaushe kike shan wannan?" Ta sake ɗaura mata na'urar a hannu, ta auna sau biyu, ta tashi da kanta ta kira likita. A ranar aka canza maganin, aka tura ta gwajin suga na sosai, aka ce ta riƙa zuwa duk mako biyu. Duka bai ci minti goma ba.

Ilimin yana nan, tausayin yana nan. Lokaci ne babu. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Saboda haka ban ce a ƙara wa malamar nan aiki ba, cewa na yi a rage mata rubutu. A haɗe littattafan. A bar ɗaliba ko ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta yi awon jini da fitsari a bakin ƙofa, kafin mace ta shiga an riga an san ko mai lafiya ce ko mai kaya biyu. Mai lafiya ta wuce da sauri. Mai kaya biyu ko uku a manna wa katinta alama, a ba ta minti goman nan, kuma likitan Alhamis ya riƙa leƙowa ɗakin awo ranar Talata maimakon a ce mai ciki wata takwas ta bi shi. Mutum ɗaya ya taka zuwa wajen mata ashirin ya fi sauƙi a kan mata ashirin su tako zuwa wajensa.

Raba minti daidai ga kowa yana kama da adalci, amma wadda ta fi buƙata ita yake zalunta.

Namu kason

Ba zan ɗora komai a kan gwamnati in wanke gida ba.

Muna da kalma ɗaya da ke haɗiye kowace alama: laulayi. Jiri, laulayi ne. Haki, nauyin ciki ne. Ƙafa ta kumbura har takalmi ba ya shiga, a ce ɗa namiji ne ko tagwaye. Ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu, a shafa mata man zafi. Ta faɗi tana jijjiga, a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya kafin a kira mai mota. A yi addu'a, ba wanda ya hana, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Abin mamaki, kakanninmu sun san akwai wani abu wai shi zaƙi da ke wahalar da mai haihuwa, har ana jiƙa maganin zaƙi a watannin ƙarshe. Mun yarda da zaƙin da ba a aunawa, amma wanda ɗigon jini ɗaya zai nuna, wanda ke shafar kusan haihuwa ɗaya cikin shida a duniya, sai an yi da gaske muke gwadawa.

Sai ɓoyo. Yarinya tana da farfaɗiya ko sikila ko asma, a rufe don kada auren ya fasa. Ta tare, ta ɗauki ciki, ta ci gaba da rufewa don kada dangin miji su ce an kawo musu majinyaciya. Mai fama da ƙunci da baƙin ciki ma, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan kashi 16 cikin 100 na masu ciki a ƙasashe masu tasowa, wa za ta faɗa wa? Za a ce rashin godiya ne. Ita kuwa macen da ranta ya ƙuntata ita ce ke fara mantawa da shan magani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ɗakin awo banɗaki ne a wannan ma'anar. Sai dai kuma sai ɗakin ya zama mai sirri. Ba a tambayar mace ciwonta alhali wasu mata biyar na tsaye a kanta suna jira.

Sai jinkiri. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce zuwa takwas ake so, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Mu kuwa sai ciki ya fito ya tsaya, wata biyar ko shida, musamman na fari da kunya ke hana ambatonsa. Tun tsakanin 1976 da 1979 wani likitan mata mai suna Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna waɗanda ba su yi awo ba su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Jikokin waɗancan matan ne yanzu a layi.

Ga kuma goyon ciki. Al'ada ce mai kyau, yarinya ta koma gaban uwarta. Amma ta yi awo wata bakwai a gari ɗaya, ta je ta haihu a wani, inda ba wanda ya san tana da komai. Idan fayil yana kulle a kabad ɗin asibiti, tarihinta ya tsaya a can. Shi ya sa nake cewa kati ɗaya, kuma a hannunta.

Maza kuma, ku da kuke ba da izini da kuɗin mota, tambayarku kada ta tsaya a "yaya ɗan?" Ƙanena da na zaunar da shi a zaure na tambaye shi sunan maganin da matarsa ke sha shekara biyu, sosa ƙeya ya yi ya ce, "Wallahi Yaya, wani fari ne dai ƙarami."

Bayan an ci suna

Muna cewa mai jego kabarinta a buɗe yake har ta yi arba'in, amma a aikace da an yanka rago kowa ya watse. Katin awo ya mutu, an buɗe na rigakafin yaro. Uwar ta fita daga lissafi.

Alhali jijjiga tana iya zuwa bayan haihuwa. Wadda ta yi hawan jinin ciki tana cikin haɗarin ciwon zuciya nan gaba, wadda ta yi sugan ciki tana iya komawa mai suga na dindindin. Akwai kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma yankinmu na cikin inda ya fi yawa a duniya, kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari. A da an fi ɗora laifin a kan kunun kanwa da wankan jego. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya fi nuna rama da talauci da hawan jinin ciki. Ko ma dai mene ne, kanwa gishiri ce, kuma ban ga hikimar ɗura wa mai hawan jini kofi-kofi na gishiri tana haki ba. Mai jegon da ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ƙafa na kumbura, tari na hana ta barci, asibiti za a kai ta a ranar.

Matar ƙanena ta haihu ta hanyar tiyata, saura mako uku watanninta su cika. An ƙara mata jini leda biyu, wanda ƙannenta suka bayar tun mako guda kafin ranar. Mace aka samu, 'yar ƙarama amma da kuka mai ƙarfi.

Ranar sallama aka ba su takardar rigakafin jaririya da ranar cire zare. Na tsaya ina jira a ce wani abu game da hawan jinin ko sugan, ba a ce ba, sai da na tambaya. Aka ce ta koma layin Alhamis.

Na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, na kwafe duk abin da ke cikin katunan huɗu, da sunan kowane magani da ranar da aka canza shi, na ɗaure su tare da kyauro. Ranar suna na leƙa ɗakinta, na tarar an ɗora kwanon kunun kanwa a kan littafin don kada ya ɓata kafet. Na ɗauke kwanon na fita da shi, Inna na bina da kallo. Alhamis mai zuwa da ƙarfe bakwai zan je in ɗauke ta.